Yadda zaka tashi daga Yawunde ka isa arewacin Kamaru ba tare da ka jigata ba

Toh ɗan uwa in tafiya ta kama ka daga kudancin Kamaru zuwa Garwa ko Marwa, abu na farko da zaka sa a ranka shine ba tafiyar yini ɗaya bace, kuma ba abin hawa ɗaya zai kai ka ba. Jirgin ƙasa ne zai ɗauke ka rabin hanya sannan mota ta ƙarasa da kai, duk wanda ya tsara tafiyarsa a haka ya huta.

Layin dogon ya taso ne daga Duwala ya biyo ta Yawunde ya ƙare a Ngaundere, a 1974 aka kammala shi, kuma tun 1999 kamfanin Camrail ke riƙe da shi. Daga Yawunde zuwa Ngaundere kilomita 622 ne, jirgin fasinja da yamma yake tashi a kwana ana tafiya sai da safe ku sauka, layi ne guda ɗaya tal shiyasa wani lokacin zakaga kun tsaya cikin daji babu dalili, ashe jirgin kaya ake jira ya wuce. Saboda haka kar ka kuskura ka yiwa wani alƙawarin ƙarfe kaza zamu haɗu a ranar da zaka sauka.

Tikiti ka saye shi da wuri, kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, ballantana lokacin sallah ko in makarantu sun yi hutu. Kaje da katin shaidarka ko fasfo. Akwai tarago mai gado, ɗaki mai gado biyu da mai gado huɗu, akwai kujeru na aji ɗaya, sai aji biyu na yaku bayi. Ni dai shawarata in aljihu zai ɗauka ka kama gado, musamman in da iyali ko tsoho kake tafe, domin zaman kujera dare guda cur sannan gari ya waye ka sake hawa mota ba ƙaramin aiki bane. Jakarka ta kwana kusa da kanka, waya da kuɗi a jikinka. Jirgin yana tsayawa a irin su Nanga Eboko da Belabo da Ngaundal, masu talla na zuwa ta taga da ayaba da zuma da sauransu, ka riƙe canji a hannu don jirgi baya jiran ciniki. Ka ɗauki rigar sanyi ma, Ngaundere kan tudu take, da asuba sai kaji kamar ba Kamarun da ka baro ba.

Kana fitowa daga tasha zaka tarar da motocin ajans, wato kamfanonin bas irin su Touristique Express da Danay Express. Daga nan zuwa Garwa wajen kilomita 275 ne akan hanyar N1, ba nisa da fita gari akwai gangaren dutsen nan mai kwana kwana da manyan motoci ke shan wuya a kai, shiyasa nafi son mutum ya bi ta da rana ido na ganin ido. Ku tsallake gadar Binuwai ku shiga Garwa, daga nan Marwa kuma kilomita 200 da ɗoriya. Wanda zai wuce Kuseri ya tsallaka gadar Ngeli akan kogin Logon ya shiga Injamena, toh ya kwana a Marwa tukuna, ya tambayi direbobi halin da hanyar Mora da Waza take ciki, yankin ya sha fama da matsalar tsaro kuma hanyar da damina sai a hankali. Dare dai kam a'a.

In baka samu jirgi ba akwai kwalta, ta Ayos da Bertuwa da Garwa Bulai da Meiganga har Ngaundere, sama da kilomita 800. Anan fa ka buɗe kunne wajen yankan tikiti, Garwa Bulai daban Garwa daban, ita ta farkon tana bakin iyakar Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ne, tsakaninsu tafiya ce mai nisan gaske. Mai sauri kuma da kuɗi a hannu sai ya nemi jirgin sama na Camair-Co daga Nsimalen, filin jirgin saman Yawunde, ko Duwala zuwa Garwa ko Marwa.

Sai maganar kuɗi da takardu. Sefa ake kashewa amma ta yankin Afirka ta Tsakiya, ba irin ta Nijar ko Benin ba duk da darajarsu ɗaya, in da waccan kazo ka canza kafin ka hau hanya, in kana Yawunde unguwar Birketeri cike take da Hausawa zasu nuna maka inda ake yi. Shingen jandarma da 'yan sanda suna da yawa, takardunka har da katin allurar shawara su zauna a aljihun gaba ba cikin jakar da aka ɗaure a saman mota ba. Faransanci kaɗan zai taimaka maka a kudu, amma daga Ngaundere zuwa sama Fulatanci ne ke cin kasuwa, Hausarka ma zata yi maka aiki a tasha.