Hasumiyar Landan: ginin Normawa da ya kamata sabon zuwa Ingila ya sani

Duk wanda ya sauka Ingila domin karatu ko aiki, watanninsa na farko sukan tafi ne a neman masauki, buɗe asusun banki, rajista da likita da kuma sabawa da sanyi, saboda haka yawon ganin tsofaffin gine-gine yakan zama abin da ake ɗagawa sai wani lokaci. Shawarata ga 'yan'uwa ita ce kada ku bar wannan ɗagawa ta yi tsawo. Ku ware rana guda ku je Hasumiyar Landan, wadda za ku gani a allunan hanya da sunan Tower of London, domin a cikin duwatsunta za ku fahimci yadda aka kafa mulkin ƙasar da kuka zo zama a cikinta. Akwai kuma amfani na kusa: wanda zai nemi izinin zama na dindindin ko takardar zama ɗan ƙasa sai ya ci jarrabawar Life in the UK, mai tambayoyi 24 cikin minti 45, ana buƙatar ya amsa 18 daidai, kuma zuwan Normawa da wannan hasumiya suna cikin abin da ake karantawa dominta. Abin da ido ya gani ya fi zama a kai fiye da wanda aka haddace daga takarda.

Normawa jikokin mayaƙan teku ne daga arewacin Turai, waɗanda sarkin Faransa ya ba shugabansu Rolo ƙasa a shekarar 911, yankin da ake kira Nomandi har yau. Sun zauna, sun karɓi Kiristanci, sun koma magana da Faransanci. Da Sarki Edward na Ingila ya rasu a watan Janairu na 1066 bai bar ɗa ba, aka naɗa Harold, sai Wiliyam mai mulkin Nomandi ya ce shi aka yi wa alkawarin sarautar. Ya tsallako teku da rundunarsa, suka gwabza kusa da Hastings ranar 14 ga Oktoba, aka kashe Harold a fagen daga, kuma ranar Kirsimeti ta wannan shekara aka naɗa Wiliyam sarki a cocin Westminster da ke Landan.

Cin yaƙi daban, riƙe ƙasa daban. Normawa ba su wuce 'yan dubbai ba a tsakiyar al'ummar da ba ta son su, ba ta kuma jin harshensu, don haka suka dogara da gidajen yaƙi masu katanga. Na farko-farko da ƙasa da katako suka yi su, saboda gaggawa: a haƙa gwalalo, a tara ƙasar da aka haƙo ta zama tudu, a kafa hasumiyar katako a bisa tudun, sannan a kewaye wani fili a ƙasa da shingen itace domin dawakai, rumbuna da ɗakunan mayaƙa. Mutanen gari ake tilasta wa aikin, kuma inda gidaje suka tare wuri sai a rushe su. Babban kundin ƙidayar filaye da dukiya da Wiliyam ya sa aka yi a 1086, wato Domesday, ya rubuta gidaje 166 da aka rushe a Lincoln domin gina irin wannan sansani, da 98 a Norwich. Kundin ya kuma nuna cewa cikin shekara 20 kusan dukkan manyan filayen Ingila sun fita daga hannun 'yan ƙasa sun koma hannun baƙin, kowa yana riƙe da nasa a matsayin kyauta daga sarki bisa sharaɗin kawo mayaƙa. Har yau a ƙa'idar dokar Ingila asalin mallakar ƙasa ta gidan sarauta ce, kuma tushen wannan ƙa'ida yana komawa ga wancan zamani.

A nan ne nake ganin Bahaushe yana da idon da zai gane abin da wasu masu yawon buɗe ido ba sa lura da shi. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar birnin, wato a daidai shekarun da ake kammala Farar Hasumiya, babban ginin dutse da ke tsakiyar Hasumiyar Landan, a bakin kogin Tems. Amma manufar ginin biyu ta sha bamban. Ganuwa takan kewaye kowa da kowa, talaka da basarake, har da gonaki da rijiyoyi, domin idan maƙiyi ya zo a rufe ƙofofi a zauna tare. Gidan yaƙin Normawa kuwa mai mulki da mayaƙansa kaɗai ya kewaye, kuma waɗanda ake tsoro su ne mutanen garin da ke wajen katanga. Idan kuka riƙe wannan bambanci a zuciya, kusan kowane ɓangare na ginin zai yi muku bayanin kansa.

Wiliyam ya zaɓi kusurwar kudu maso gabas ta tsohuwar katangar da Rumawa suka yi wa Landan, inda kogi ya tsare ɓangare guda, katangar Rumawa ta tsare wani, kuma duk jirgin ruwan da zai shigo birni daga teku sai ya wuce ta ƙarƙashin idonsa. An fara ginin dutse wajen 1078 a ƙarƙashin kulawar Gundulf, babban limamin cocin Rochester, wanda ya shahara da sanin gini, kuma ba a gama ba sai wajen 1100, bayan rasuwar Wiliyam a 1087. Tsawon ginin mita 36 ne, faɗinsa 32, tsayinsa kimanin 27, kaurin bangonsa a gindi ya haura mita 4. Dutsen cike bango daga Kent aka kawo shi, amma na kusurwoyi da bakin tagogi, mai laushin sassaƙa da launin madara, daga Caen ta Nomandi aka ɗauko shi a jirgin ruwa. A birnin da yawancin gidajensa na katako ne da rufin ciyawa, babu wanda zai ɗaga kai ya ga wannan gini bai san wanda ke da iko ba.

Kafin ku shiga, ku tsaya ta kudu ku dubi ƙofa. Ba a ƙasa take ba. Tana can sama a bene na farko, kuma matakalar katako ake hawa zuwa gare ta, kamar yadda aka yi tun asali, domin idan hari ya zo a cire matakalar ko a ƙone ta, maƙiyi ya rasa inda zai sa gungumen fasa ƙofa. Manyan tagogin da za ku gani ba na Normawa ba ne, an faɗaɗa su ne ƙarnuka bayan haka, lokacin da tsoron kibiya ya kau. Na asali ƙanana ne, kuma kaɗan daga cikinsu sun saura a sama ta gefen kudu. A ciki wani katon bango ya raba ginin biyu daga ƙasa har sama, yana ɗauke da nauyin katakon bene, kuma yana ba masu tsaro damar riƙe rabi idan an ci ɗaya rabin. A ƙasan ginin akwai rijiya, domin sansanin da ba shi da ruwa a cikinsa ba ya jure ƙawanya. A cikin kaurin bango aka fafe bayan gida da murhun ɗumama ɗaki, wanda hayaƙinsa ke fita ta ƙananan ramuka a jikin bangon, abin da ke nuna cewa wurin fada ce ta zaman sarki da karɓar baƙi, ba mafakar yaƙi kaɗai ba.

Ɗakin da ya fi cancantar ku daɗe a cikinsa shi ne ɗakin ibada na Saint John, wanda ya kai mu kusan yadda magina suka bar shi. Ginshiƙansa gajeru ne masu kauri, zagayayyu, a kansu an ɗora baka mai siffar bakan gizo, rabin da'ira, babu tsini a samansa, kuma wannan shi ne babbar alamar ginin Normawa. Da zarar kun gane ta za ku riƙa ganin ta a manyan coci-coci na Durham, Norwich da Ely, ku kuma bambanta ta da baka mai tsini da ya zo daga baya. Wurin ibada ne har yanzu, don haka a sassauta murya, kuma ba a ɗaukar hoto a ciki.

Fursunan farko da aka sani a hasumiyar shi ne Ranulf Flambard, babban limamin Durham, wanda ya yi ƙaurin suna wajen tatsar haraji a zamanin sarkin da ya gaji Wiliyam. Sarki Henri na ɗaya ya tsare shi a 1100, amma a farkon 1101 aka shigar masa da igiya a cikin gangar giya, ya shirya wa masu gadi walima har suka bugu suka yi barci, ya zura igiyar ta taga ya gudu Nomandi. Sunan Farar Hasumiya kuwa ya samo asali ne daga 1240, lokacin da Sarki Henri na uku ya sa aka shafe ta da farar ƙasa. Shi da ɗansa Edward na ɗaya suka ƙara katangu biyu, ɗaya a bayan ɗaya, da babban gwalalo mai ruwa, wanda aka zuƙe a shekarun 1840 saboda ƙazanta da cuta. Daga baya wurin ya zama ma'ajiyar makamai, gidan buga kuɗi, gidan namun daji da kurkuku, kuma a nan aka sare kan Anne Boleyn, matar Sarki Henri na takwas, a 1536. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1988.

Game da zuwa, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mafi kusa ita ce Tower Hill, a layin District da Circle, kuma da fitowarku za ku ga guntun katangar Rumawa a tsaye, kyauta ake kallon ta. Kuɗin shiga na babba ya haura fam 30, abin da ba ƙarami ba ne ga ɗalibi, don haka ku sayi tikiti ta intanet a shafin Historic Royal Palaces, hukumar da ke kula da wurin, ku riƙe katin makaranta domin ragi, ku kuma sani cewa yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba sa biya. Akwai tikitin fam 1 ga masu karɓar wasu tallafin gwamnati, amma yawancin masu bizar karatu ko aiki ba su da hakkin wannan tallafi, saboda haka ku karanta sharuɗɗan da kyau. Ana bincika jaka a ƙofa. Ku sa takalmi mara tsini, domin hanyoyin dutse ne kuma matakalan ciki ƙunci gare su da murɗiya, za su wahalar da dattijo ko mai goyo. Masu gadin hasumiyar masu doguwar riga da hula, waɗanda kowannensu sai ya yi aƙalla shekara 22 a aikin soja kafin a ɗauke shi, suna zagayawa da baƙi ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma sauraron su horo ne mai kyau ga kunnen da bai saba da Turancin Ingila ba. A lokacin sanyi ana rufewa da wuri, rana kuma kan faɗi kafin ƙarfe 4 a watan Disamba, azahar da la'asar da magariba su matso kusa da juna, don haka ku je da safe. Masallacin Gabashin Landan da ke titin Whitechapel tafiyar kimanin minti 20 ce a ƙafa.

Wanda ba a Landan yake ba, da wuya a rasa ginin Normawa kusa da shi. Birnin Newcastle ya samo sunansa ne daga sansanin da Robert, ɗan Wiliyam, ya kafa a 1080. A Cardiff da Oxford da York tudun ƙasar nan yana nan ana ganin sa, a Rochester akwai hasumiyar da aka fara a 1127 wadda ta fi ta Landan tsayi, a Durham kuwa ɗaliban jami'a suna kwana a cikin fadar da aka fara ginawa a 1072. A watan Satumba ana buɗe wuraren tarihi da yawa kyauta a faɗin Ingila a ƙarƙashin shirin Heritage Open Days, lokacin da ya yi daidai da isowar sababbin ɗalibai, saboda haka ku duba jerin wuraren garinku tun kafin karatu ya kankama.