Ga masu ɗinki a gida da ruwa ya yi wa ɓarna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wadda ambaliya ta shiga wa ɗaki, musamman mu na unguwannin Lokogoma da Lugbe a Abuja, ki ɗauki hoton ɓarnar kafin ki taɓa tsintsiya. Sannan ki kira kwastomominki ɗaya bayan ɗaya, kar ki jira su neme ki. Faɗa musu gaskiya: atamfar wa ta jiƙe, yaushe za ki gama. Wallahi mutane na da tausayi. Wata za ta ɗaga miki ƙafa, wata ta ba ki kafin alƙalami ki sayi zare da shafi. Ki rubuta kowane kuɗi a littafi, amana ce.

Keken lantarki kuwa, kar ki jona shi sai mai gyara ya buɗe ya busar. Sauran yadudduka a ɗora su kan kanta, don ruwa na iya sake shigowa.