Tattakin dattawa a Jos: inda aka fi yin kuskure

Babban kuskuren ma ba na tsofaffin bane, namu ne mu 'ya'ya. Da zarar Baba ya yi ritaya ko Hajiya ta fara kukan gwiwa shikenan sai "zauna ki huta", a kawo ruwan alwala har gaban kujera, masallacin bayan layi ma sai an tsayar masa da keke napep, mu a ganinmu biyayya ce alhali ƙafar da ba a takawa naman cinyarta zubewa yake yi, kafin ka ankara tashi daga tabarma ma sai an kama shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya kai shekara 65 ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, wato minti 30 sau biyar, kuma ba sai a tashi ɗaya ba, ana iya rabawa safe da bayan la'asar. Ku bar shi ya je masallaci da ƙafarsa, ku bar ta ta taka zuwa gidan suna.

Sai kuma masu wuce gona da iri. An saya wa Baba waya mai ƙirga taku, an ce dole sai 10,000 kullum. Toh wannan lambar daga tallar wata na'ura ta samo asali a Japan a shekarun 1960, ba likita ne ya yanke ta ba. Kuma Jos ba Kano bace, gari ne na hawa da gangara, mutumin da ya daɗe a zaune a fara masa da minti goma a shimfiɗaɗɗen wuri irin filin Polo ko filin makarantar unguwa, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. In yana tafiya yana iya hira da abokin tafiyarsa to daidai ne, in magana ta gagara ya rage sauri. Ciwon ƙirji ko jiri kuwa ba na daurewa bane, a tsaya a nufi asibiti. Gangara ta fi cin gwiwa akan hawa, mutane basu cika lura da wannan ba.

Sanyin Disamba da Janairu kun san shi ai. Sanyi na matse jijiyoyin jini, mai hawan jini ya jira hantsi ya fito, ya sa suwaita da hular sanyi. Silifas ɗin wanka kuma a bar shi a banɗaki dan Allah, a nemi kambas da safa, musamman mai ciwon suga wanda zai iya taka ƙusa bai ji ba, ya riƙa duba ƙasan ƙafarsa in ya dawo, in yana shan magani kar ya fita ciki ba komai, ya sa dabino a aljihu.

Maganar karnuka ita ke hana da yawa fita. Gidaje da dama musamman wajen Rayfield da dare ake sakin na gadi, da asuba wasu basu koma ba. Kar a yi gudu, dattijo ba zai tsere wa kare ba, faɗuwa kawai zai yi ya karya ƙugu. A tsaya cak, kar a ƙura masa ido, a sa sanda a tsakani ana ja baya a hankali. In ya yi cizo ko da ɗan yakushin haƙori ne, ba toka ba ganye ba ɗaurewa, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 sannan asibiti a ranar, a kuma faɗa musu kare ne, domin allurar tetanus daban ta haukan kare daban, shi kuwa ciwon haukan kare in alamu suka bayyana kusan ba a tashi.

Masu kare a gida ku yi masa rigakafi duk shekara, ga Vom nan kusa damu inda cibiyar binciken dabbobi ke haɗa allurar, ba uzuri wallahi. In kuma Baba ne ke fita da shi, kar ya naɗe igiyar a wuyan hannu, ya riƙe ta yadda zai iya saki in karen ya fizga.