Babi na Shida: Gyaran Kaskon Baƙin Mai na Tsohuwar Tarakta

Darasi na ɗaya: Gano inda mai yake zuba

Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin inji. Wannan ƙarfen mai zurfi da kusoshi suka zagaye bakinsa, shi ne kaskon mai. Duk baƙin man inji a nan yake taruwa. Idan aka tayar da inji, famfo ya zuƙo shi ya raba wa ƙarafan da ke juyawa, sannan ya sake gangarowa.

Taraktocinmu na ƙasar Bauchi galibi sun kwana biyu, daga Massey Ferguson har Steyr da aka riƙa haɗawa nan cikin garin Bauchi. A gonakin Toro da Dass masu duwatsu, ko a sabuwar gonar da ba a tone kututturanta ba, kasko ne ke fara shan duka. Idan jar fitilar mai ta kama kana cikin huɗa, kashe inji nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa wannan kunyar. Injin da ba mai ba ya daɗewa zai buga, kuma kuɗin gyaransa ya ninka na kasko nesa ba kusa ba.

Kafin ka kwance komai, goge kaskon da tsumma, ka shafa masa alli ko toka, ka jira. Inda allin ya fara yin baƙi, nan ne ƙofar ɓarna. Wani lokaci kasko lafiyarsa ƙalau, fakin ne ya mutu, wato siririn abin nan da ake shimfiɗawa tsakanin kasko da inji, ko kuwa notin juye ne ya saki, wato notin ƙasan kasko da ake kwancewa a juye mai.

Darasi na biyu: Sauke kasko

Tsayar da tarakta a wuri mai daidai. Cire makulli ka sa a aljihu. Tokare tayoyin baya da manyan duwatsu, gaba da baya. Ajiye roba a ƙasa, kwance notin juye, mai ya tsiyaye duka. Kada a zubar da shi a gona ko kusa da rijiya.

Ɗan'uwa, lura da wannan. A taraktoci da yawa kaskon zubin ƙarfe ne mai nauyi, kuma yana cikin abin da ke riƙe gaban tarakta. Don haka a tallafe inji da gaban da katakai masu kauri. Jak kaɗai bai isa ba, bulon siminti kuwa fashewa yake yi. Ku zama ku biyu. Kusoshin ba tsawonsu ɗaya ba, saboda haka huda kwali ka soka kowace kusa a gurbin da ya dace da inda ka ciro ta.

Darasi na uku: Wanki

A nan yawancinku ke faɗuwa, kuma ba abin kunya ba ne, don ido yana yaudara. Kasko zai yi kamar ya fita, alhali mai na ɓoye cikin tsagar da ke yoyon. Gam ba ya kama mai. Walda ba ta zama a kan mai. Fakin ma ba ya kwanciya a kan mai.

Wanke kaskon da kananzir ko man gas, ciki da waje, da burushin ƙarfe. Kada a yi da fetur, kada a sha taba a wurin. Bayan haka sake wankewa da ruwan zafi da omo, don kananzir ɗin shi ma maiƙo ne. Shanya a rana ya bushe ƙayau. Yanzu ɗauko farin tsumma ka dirza a kan tsagar. Ya yi baƙi? To ba a gama ba, koma ka wanke. Ya fito da ɗan dishi-dishi? Koma ka wanke. Sai ya fito fari kamar yadda ya shiga.

Zubin ƙarfe yana shan mai tsawon shekaru, yadda tukunyar ƙasa ke shan ruwa. Ɗan ɗumama wurin tsagar, za ka ga mai na tsattsafowa daga inda ka rantse ka wanke. Goge, sake ɗumamawa, sake gogewa. Yi haƙuri, Malam, kana kan hanya.

Haba jama'a! Akwai masu shafa sabulu a tsaga su koma gona, akwai masu manna gam a kan kasko yana ɗiga, gobe su dawo suna cewa gam ɗin jabu ne. Gam ba shi da laifi. Wanki ne ba a yi ba. Wanda ke gaggawa ya rufe littafin nan ya kai wa bakanike, ya fi masa.

Bakin kaskon da bakin injin su ma a kankare tsohon fakin tas, a wanke, a gwada da farin tsumma. Ragar da ke tace mai a bakin bututun famfo, ita ma a wanke ta.

Darasi na huɗu: Toshe tsaga

Huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya. Idan kaskon falle ne, mai walda zai daidaita lotsawar da guduma ya like. Idan zubin ƙarfe ne, tambaye shi ko yana da sandar waldar zubi. Sai ya ɗumama kaskon tukuna, ya yi waldar kaɗan-kaɗan, sannan a binne shi cikin busasshen yashi ko toka ya huce a hankali. Ruwa kada ya taɓa shi yana da zafi, zai sake tsagewa. Ba a walda kasko yana jikin inji.

Gam mai haɗi biyu na ƙaramar tsaga ne kawai. Goge wurin da samfefa, cakuɗa daidai wa daida, shafa, bar shi kwana guda. Kafin ka shafa, farin tsumma.

Zuba kananzir a kaskon ka duba ko yana yoyo. Idan ba ya yi, juye, sake wankewa.

Darasi na biyar: Mayarwa

Sa sabon fakin. Fara ɗaura kusoshi duka da hannu, sannan da sifana, daga tsakiya, wannan gefe sai wancan. Kada ka matse da ƙarfin tsiya. Mayar da notin juye.

Darasi na shida: Gwaji

Zuba sabon mai har alamar sama ta sandar awo. Tayar da inji, fitilar mai ta mutu, leƙa ƙasa. Kashe, jira kaɗan, sake awo.