Kurakuran da mutanenmu ke yi in za su sayo ƙaramin jirgin feshi daga waje, da zancen harajin da ke kai

Duk shekara in tsuntsun jan baki mai cinye shinkafa ya sauka a fadamar Argungu, Augie, Suru ko Bagudo, sai ka ji ƴan kasuwa da manyan manoman shinkafa suna cewa mi zai hana mu haɗa kuɗi mu sayo namu jirgin feshi mu daina jiran gwamnati ta yi hayo. Tunani ne mai kyau wallahi, ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari, amma jama'a akwai ramuka a hanyar, kuma yawancinsu ba na tuƙi ba ne, na takarda ne da haraji.

Babban kuskure shi ne mutum ya ga farashin jirgi a intanet, wani Cessna ko Air Tractor a Amurka, ya buga lissafi da canjin dala na ranar ya ce ai muna iyawa. Wancan farashi na jirgin ne yana ajiye a gidan mai shi. Fito da shi aiki ne dabam. Ko dai a kwance fukafukai a cusa shi a kwantena ya biyo ruwa zuwa Legas, ko a ɗauki matuƙi na musamman ya tuƙo shi yana yada zango, ta Kanada, Girinlan, Aislan, ya gangaro Turai sannan Afirka, kuma kowane zango da kuɗin sauka da na mai da izinin ratsa sararin ƙasa. Sannan kwastan ɗinmu ba a kan kuɗin saye kaɗai suke lissafi ba, suna haɗa kuɗin dako da inshora a kai, da canjin dalar da ke cikin na'urarsu a ranar da aka shigar da takarda, ba na ranar da ka biya ba. Gyaran wannan mai sauƙi ne: kafin ka tura ko sisi, a rubuta ƙarara a yarjejeniya wa zai biya dako, wa zai biya inshora, kuma a ina alhakin jirgin ke barin hannun mai sayarwa ya dawo naka.

Sai kuskuren da ya fi ci min rai, wato a saya tukuna sannan a nemi izini. A'a Alhaji, izini ne farko. Hukumar NCAA ce ke kula da jiragen farar hula a Najeriya, kuma ita za ka fara tambaya ko ta amince da irin wannan jirgin. Ta ɓangaren mai sayarwa kuma, in daga Amurka ne, hukumarsu ta FAA za ta ba da takardar shaidar lafiyar jirgi ta fitarwa waje, a soke rajistarsa ta can mai farawa da harafin N, sannan ne za a iya ba shi tamu mai farawa da 5N, domin dokar duniya ba ta yarda jirgi ɗaya ya riƙe rajistar ƙasa biyu lokaci guda ba. In akwai bashin banki a kan jirgin can, ba za a soke rajistar ba sai an warware, to ka sa lauya ya bincika wannan tun kafin ciniki ya faɗa. Fom M, wato takardar neman shigo da kaya da ake cikewa a banki, shi ma kafin a ɗoro kaya ake buɗe shi, daga nan PAAR ta fito, wato takardar da kwastan ke ƙiyasta kuɗin fiton kaya da ita. Wanda ya juya wannan tsari, kwantenarsa za ta zauna a tashar ruwa kuɗin ajiya na hawa kullum.

Masu cewa to mu bar babban jirgi mu sayo mara matuƙi, wanda ake sarrafawa da rimot, ku ma ba ku tsira ba. Tun 2016 NCAA ta hana tashin irinsu ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba, kuma shigo da su na buƙatar takardar EUC, wato shaidar wanda zai yi amfani da kayan, daga wannan ofishi. Ƴan uwanmu na Zamfara kuma ku tuna a Maris 2021, bayan sace ɗaliban Jangebe, gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a sararin jihar, don haka a yankinmu zancen tsaro ba wasa ba ne, a samu amsa a rubuce kafin a ɗaga komai sama.

Akwai kuma littafin jirgi. Kowane jirgi da injinsa da farfelarsa suna da littafin da ake rubuta awannin tashi da duk gyaran da aka yi, in shafuka sun ɓata darajarsa ta faɗi warwas ko da fenti na ƙyalli. Yawancin injinan Lycoming na ƙananan jirage, kamfanin ya ce a kwance su a sabunta wajen awa 2,000 ko shekara 12, to in ka sayi wanda saura kaɗan ya cika, ka sayi bashi ne. Ka ɗauki injiniya naka, ba na dillali ba, ya je ya duba da idonsa. Kuma ka tambaya wane mai yake sha. Masu injin fistan suna shan fetur na jirgi na musamman da ke wahalar samu a nan, masu injin tabain irin PT6 kuwa suna shan kananzir ɗin jirgi wanda manyan jirage ke sha, shi ya sa duk da tsadarsu sun fi dacewa da mu. Matuƙi kuma, kwalejin Zariya na yaye matuƙa tun shekarun 1960, amma feshi dab da ƙasa da almuru lokacin da tsuntsu ke komawa makwanci horo ne na dabam, a sa kuɗinsa a lissafi.

Yanzu ga haraji, inda aka fi yin kuskuren ji a bakin mutane. Za ka ji an ce ai jirgi ba ya biyan kuɗin fito a Najeriya. Abin da ke akwai shi ne dokar kuɗi ta 2020 ta yafe wa kamfanonin jiragen haya masu rajista a ƙasar nan kuɗin fito kan jirage da injina da kayan gyara, a wancan lokaci kuma aka cire masu harajin VAT na kashi 7.5. Kada ka ɗauka kai ma ƙungiyar manoma kana ciki, ka rubuta ka tambaya. Lambar da aka shigar da kaya da ita ma tana da tasiri, jirgin da nauyinsa bai wuce kilo 2,000 ba lambarsa dabam, mara matuƙi ma tasa dabam, in ejan mai fito maka da kaya ya sa wata don a rage kuɗi kai za a kama. Haka masu dabarar shigowa da izinin wucin gadi su bar rajistar waje su yi shiru, kwastan ta bi masu jiragen alfarma a kan wannan a 2021 ta sake bi a 2024.

Shin akwai adalci a tsarin? Ni dai a ganina babu. Tun 1980 manyan ƙasashe masu ƙera jirage suka ƙulla yarjejeniyar cire wa juna haraji kan jiragen farar hula, Najeriya ba ta ciki, kuma su ɗin ne dai suka kwashe tun 2004 har 2021 Amurka da Tarayyar Turai suna ƙarar juna a gaban ƙungiyar ciniki ta duniya WTO kan tallafin da kowa ke ɗura wa Boeing da Airbus, alhali mu kullum ana mana wa'azin a janye tallafi. A Afrilun 2025 Trump ya tashi ya sanar da harajin kashi 14 kan kayan Najeriya ba tare da an zauna da kowa ba. A gida ma abin bai min daɗi ba, doka ta ambaci mai jigilar fasinja da suna ta yafe masa, shi kuwa manomin da ke son ceton shinkafar da ƙasa za ta ci sai ya bi ofis-ofis yana tambaya.

Amma kar mu ɗora komai a kan Turawa. Tun 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, wannan aikin hannunmu ne. In jirgi ya zo muka riƙa zuba magani barkatai a kusa da gulbi, kifin Argungu da Yauri da dabbobin makiyaya ne za su fara ji a jikinsu, kuma amfanin da muke fatan fitarwa waje a dawo mana da shi daga tashar ruwa. Don haka duk ƙungiyar da za ta yi wannan saye, ta sa malamin gona mai ilimin magani cikin kwamitin tun zaman farko, tare da lauya da ejan mai lasisi, kuma a fara gwada hayar jirgi na damina ɗaya a ga ainihin abin da awa guda ta tashi ke ci kafin a tara kuɗin mutane.