Yadda Ake Tura Rajistar Kwamfuta Zuwa Uwar Garke Ta Kebul Ɗin Siriyal

Duk wanda ya kutsa cikin kwamfuta, sau da yawa yakan yi ƙoƙarin share sawunsa daga rajistar da ke nuna wa ya shiga da kuma yaushe. Don haka idan kai ke kula da kwamfutocin asibitin karkara ko cibiyar jarrabawa a yankin Ringim ko Gwaram, ka ware wata tsohuwar kwamfuta mai Linux, ka raba ta da intanet kwata-kwata, ta zama uwar garken da ke karɓar kwafin rajistar.

Fara da kebul. Nemi na RS-232 mai kan DB-9 wajen masu kayan kwamfuta a Kano, da adafta ta USB idan na'urar ba ta da kafar siriyal. A kan DB-9 ɗin, ƙafa ta 3 ke aikawa, ta 2 ke karɓa, ta 5 kuma ita ce ta ƙasa. A nan sirrin yake: haɗa ƙafa ta 3 ta mai aikawa da ta 2 ta uwar garke, haɗa 5 da 5, sauran duk ka bar su a yanke. Saƙo zai tafi, babu hanyar dawowa. Ni dai na fi amincewa da wayar da aka yanke a kan kowace manhajar tsaro. Kada tsawon ya wuce kamar mita 15. Idan sai an tsallaka wani gini, koma wa RS-485, wadda ke kaiwa kusan mita 1,200, ka sa mata kariyar tsawa saboda damina.

Sai ka daidaita ɓangarorin biyu da umarni iri ɗaya:

stty -F /dev/ttyS0 115200 raw -echo clocal -crtscts

Saitin yana gushewa idan wuta ta ɗauke, ka sa shi cikin abubuwan da ke tashi tare da kwamfutar.

A mai aikawa, ƙara layin *.* /dev/ttyS0 cikin /etc/rsyslog.conf, ka sake tada rsyslog, manhajar da ke rubuta rajistar. Gudun 115200 ɗin da aka saita na ɗaukar haruffa kusan 11,500 a daƙiƙa; idan rajistar ta yi yawa, tura auth da authpriv kawai, su ke ɗauke da labarin shiga da fita.

A uwar garke, kashe manhajar serial-getty ta kafar siriyal ɗin don kada ta miƙa wa kowa ƙofar shiga, sannan:

cat /dev/ttyS0 >> /var/log/asibiti.log

Sa wa fayil ɗin chattr +a, ta yadda za a iya ƙari amma ba gogewa.

A mai aikawa, gwada da umarnin logger "gwaji", ka duba ko ya bayyana a fayil ɗin uwar garke. Idan ka ga harufan shirme, gudun ɓangarorin ne ya saɓa.

Bayanan da ke bin kebul ɗin a fili suke, ba a lulluɓe su ba. Bi da shi ta cikin bututu, ka kulle ɗakin, ka ɗora uwar garken a kan batirin sola, kana duba agogonta duk wata tunda babu intanet da zai saita mata lokaci.