Kurakuran da aka fi yi wajen ciyar da ɗan maciji sabon zuwa gida, da yadda ake gyara su

A Damagaram, idan baƙo ya sauka a gidanka, kafin ka tambaye shi labarin hanya ka riga ka miƙa masa ruwa, fura kuma tana biye, domin abin kunya ne a ce ya kwana da yunwa a gidanka. Wannan kyakkyawar tarbiyya ce ke jefa yawancin masu sabon kiwon maciji cikin kuskurensu na farko. Mutum zai kawo ɗan maciji da hantsi, kafin la'asar ya ajiye masa ɓera, idan ya ƙi ci ya sake gwadawa washegari, jibi ma haka, yana ɗaga shi yana jujjuyawa don ya gano abin da ke damunsa. Tsoro ne ke damunsa. Ɗan maciji a daji abincin shaho ne da tunku, don haka duk hannun da ya sauko masa daga sama ɗauka yake yi maƙiyi ne, kuma dabbar da ke cikin fargaba ba ta cin abin da zai nauyaya mata ciki har ta kasa gudu. Gyaran shi ne a bar shi kwana 5 zuwa 7 ba a taɓa shi ba, ba a kuma ba shi komai ba sai ruwa mai tsabta, a wurin da yara ba sa leƙawa, tare da maɓoya mai duhu da za ta matse jikinsa ta kowane gefe. Ƙaramin kasko irin na garin Mirya da aka kife, aka fasa masa ƙofa a baki aka goge kaifinta, ya wadatar.

Idan kuwa bai daɗe da fitowa daga ƙwai ba, ba ya ma buƙatar abinci tukuna, domin yana fitowa da sauran gwaiduwa a cikinsa, da ita yake rayuwa har ya yi saɓarsa ta farko, mako ɗaya zuwa biyu bayan ƙyanƙyasa. Shi ya sa ya kamata a tambayi wanda aka karɓo shi a hannunsa ko ya yi saɓa, sau nawa ya ci, me ya ci, kuma yaushe. A ganina, sabon mai kiwo kada ya karɓi wanda bai ci aƙalla sau uku da kansa ba.

Duk bayanin nan ya shafi macizai marasa dafi ne, musamman ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda ake kira piton ruwayal da Faransanci, ake kuma fitar da ita da yawa zuwa Turai da Amurka daga Togo da Benin da Gana, sai kuma ɗan siririn macijin gida mai ruwan ƙasa da ke farautar ɓera. Tsintar ɗan maciji a gona ko a cikin duwatsun unguwar Birni ta Damagaram a kawo shi gida ganganci ne, domin ƴar kububuwa da dafinta take zuwa duniya, kuma macijin nan mai shan ƙwai, wanda ba ya cutar da kowa, yana kama da ita ƙwarai, har da gugar ɓawon jiki yana fitar da sauti irin nata. Ga kuma doka mai lamba 98-07 ta shekarar 1998 da ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar, saboda haka ya dace a tuntuɓi ma'aikatan gandun daji tun kafin a ajiye shi.

Sai maganar abin da ake ba shi. Har yanzu akwai masu ajiye wa maciji madara a kasko, wasu su fasa masa ƙwai, wasu su yanko masa tsoka daga wajen mahauci, ko su ba shi fara. Cikin maciji ba ya narkar da madara, wanda aka ga yana sha ƙishirwa ce ta kai shi, kuma zawo ne ke biyo baya. Tsoka zalla kuwa, ko da ya haɗiye ta, ba ta da ƙashi da hanta da kayan ciki, alhali daga cikinsu yake samun abin da ke gina ƙashinsa. Abincin waɗannan macizai dabba ce sukutum, wato ɗan ɓera daidai girmansu.

Nan ne kuskuren da ya fi damuna yake, domin gidajenmu da rumbunanmu cike suke da ɓeraye, sai mutum ya ga ai abinci ya zo kyauta, ya ɗana tarko. Ɓeran da ke yawo a unguwa mai yiwuwa ya ci maganin ɓera a gidan maƙwabta, kuma irin maganin da ke hana jini daskarewa yana ɗaukar kwanaki kafin ya kashe, saboda haka ɓeran zai shiga tarko da ransa da kuzarinsa alhali gubar na cikin hantarsa, maciji ya haɗiye su tare. Ban da guba akwai tsutsar ciki. Mai kiwon ma yana cikin haɗari, domin ɓeran nan mai nonuwa da yawa da ke shiga gidaje a Afirka ta Yamma shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa cutar ke kama mutum. Hanyar da ta fi aminci ita ce a samo fararen ɓeraye na kiwo, namiji ɗaya da mata biyu ko uku, a ajiye su a kejin da ɓeran waje ba ya iya shiga, ana ba su gero da dawa da ɗan ƙuli-ƙuli da ruwa. Cikin ɓera na kwana 20 ne ko kusa da haka, don haka ba a daɗewa ake samun ƴaƴa masu girma iri-iri. Wanda ba zai iya wannan ɗawainiya ba, gara ya haƙura da kiwon macijin tun farko.

Wajen girman abinci ana kuskure ta fuska biyu, amma an fi yin na zarcewa, saboda an ji cewa maciji yana haɗiye abin da ya fi kansa girma. Ma'aunin da ya dace shi ne kada kaurin ɓeran ya wuce kaurin macijin a tsakiyar jikinsa, nauyinsa kuma ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin macijin. Ƴar mesa mai giram 70 za a ba ta ɓera mai giram 7 zuwa 10, ɗan macijin gida kuwa jinjirin ɓera da bai yi gashi ba ya ishe shi. Sau ɗaya a kwana 5 zuwa 7 ake ciyarwa. Ƙaramin sikelin kicin da littafin da ake rubuta ranar ci da nauyi suna nuna gaskiyar halin da yake ciki fiye da kallon ido.

Barin ɓera mai rai ya kwana a akwatin maciji ya jawo asarar macizai da dama, domin idan macijin ba ya jin yunwa ba ya kare kansa, ɓeran kuma zai yi ta gwigwiyar bayansa har ya kai ga ƙashi. An fi so a saba masa da wanda aka kashe nan take ba tare da azabtarwa ba, ko wanda aka daskarar a firigo. Wanda ya narke saboda ɗaukewar wuta ya sake daskarewa, a zubar da shi. Idan za a bayar, a saka ɓeran a leda a tsoma a ruwa har cikinsa ya saki gaba ɗaya, sannan a mayar da shi ruwan ɗumi ya kai kamar zafin jikin mai rai, domin mesa tana da ƴan ramuka a leɓenta na sama da take jin ɗumin abin farauta da su, kuma sau da yawa ba ta kula ɓera mai sanyi. A riƙe shi da dogon hantsaki, a ɗan motsa shi a bakin maɓoya, kada a buga mata shi a fuska. Lokacin da ya fi dacewa bayan isha'i ne, an rage haske, gida ya yi tsit, domin da dare suke farauta. Idan an shimfiɗa yashi a akwatin, a kwashe a sa takarda, saboda yashi yana manne wa jiƙaƙƙen ɓera ya taru a hanji.

Yanayin garinmu yana da hannu a cikin ƙin cin da ake ɗora wa maciji laifinsa. Maciji ba ya samar da zafin jiki da kansa, da ɗumin wurin da yake kwance yake narkar da abinci, saboda haka ana so gefe ɗaya na akwatin ya kasance digiri 30 zuwa 32, ɗaya gefen kuma 25 zuwa 27, ya riƙa zaɓa da kansa. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da sanyin hunturu ke sauka da asuba, abincin da ya ci yana iya ruɓewa a cikinsa kafin ya narke, sai ya haras da shi. A irin wannan lokaci ana ajiye kwalbar ruwan zafi da aka naɗe da tsumma a jikin gefe ɗaya daga waje, a kuma saka ɗan jiƙaƙƙen ƙyalle a cikin maɓoya guda, domin bushewar iskar hunturu tana hana saɓa fita da kyau. A Afrilu da Mayu kuwa, da zafi ke haura digiri 40, ɗakin kwano ko hasken rana da ya faɗo kan akwatin gilashi na iya kashe shi cikin ɗan lokaci. Sai a mayar da shi ɗakin ƙasa mafi sanyi a gidan, a ajiye akwatin a ƙasa kusa da randa. Ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya a kowane gefe, ba su da tsada, kuma tafin hannu ba ya maye gurbinsu.

Bayan ya ci, a ƙyale shi awa 48 ba a ɗauka ba, ko da abokai sun zo gani. Idan ya yi amai, kuskure ne babba a sake ba shi washegari don a rama abin da ya zubar, domin ruwan cikinsa ya ƙona masa maƙogwaro, cikin kuma yana buƙatar hutu. A jira kwana 10 zuwa 14, a binciki zafin akwatin, sannan a ba shi wanda ya fi na baya ƙanƙanta. Haka nan idan idanunsa suka yi hazo, launin jikinsa ya dushe, saɓa ce ta gabato, ba ya gani sosai, kuma yawanci ba zai ci ba sai ta fita.

Ɗura kuwa, wato buɗe masa baki a tura abinci da ƙarfi, aikin likitan dabbobi ne ko wanda ya daɗe a kiwon, domin hannun da bai saba ba yana karya haƙora ya ji wa maƙogwaro rauni. Idan ya ƙi ci sau ɗaya, a ɗauke ɓeran a jira kwana biyar kafin a sake gwadawa. Amma idan ya ƙi sau uku ko huɗu a jere, sikeli ya nuna ya rasa kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa, ko ƙashin bayansa ya fito, ko yana numfashi baki buɗe da kumfa, a kai shi wajen likitan dabbobi tare da littafin da aka rubuta tarihin cinsa. Kowane lokaci aka taɓa shi, ko akwatinsa, ko ɓerayen, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abincin gida, domin macizai suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo a hanjinsu ko da suna da lafiya, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa.